Ruɓewar Gindin Tumatir: Dalilinta, Irin da Ta Fi Kamawa da Hanyar Kariya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

’Yan’uwanmu masu lambu a kewayen Libreville, da masu noman rani a Kadawa da Kura a Jihar Kano, sun san wannan matsala: tumatir ya yi kyau daga sama, amma gindinsa, wato wajen da fure ya faɗo, ya yi tabo mai ruwa-ruwa, daga baya ya baƙanta, ya lotsa, ya bushe kamar fata.

Mene ne dalilinta?

Ba ƙwaro ba ne irin tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, kuma ba ta yaɗuwa daga shuka zuwa shuka. Asalinta ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a cikin ɗan tumatir lokacin da yake girma. Ruwa ne ke ɗauko wannan sinadari daga ƙasa, ganye kuma ya fi ’ya’ya jan ruwa. Idan ƙasa ta bushe yau, gobe ta jiƙe sharkaf, gindin ɗan tumatir ne ke rasa rabonsa, ko da akwai kalsiyam a ƙasar. Yawan takin yuriya da yanke saiwa wajen noma suna ƙara ta’azzara abin. Saboda haka feshin maganin ƙwari asarar kuɗi ce kawai.

Wane iri ta fi kamawa?

Dogon tumatir, irin su Roma da aka saba nomawa a Arewacin Najeriya, shi ya fi kamuwa. Manya masu faɗi ma suna kamuwa. Ƙanana masu kamar goruba da aka ƙanƙance, ’yan mitsi-mitsi, da wuya ta taɓa su. Galibi ’ya’yan fari ne ke fin shan wahala.

Hanyar kariya

A Libreville ruwan sama mai yawa yana wanke kalsiyam ya bar ƙasa da tsami, sannan daga Yuni zuwa Satumba a shiga rani. Don haka muna ba da shawarar a zuba farar ƙasar noma ko toka kaɗan kafin dashe. A ko’ina kuwa:

1. A tsayar da lokacin ban ruwa, kada a bar ƙasa ta bushe ƙayau.
2. A rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa.
3. A rage yuriya idan fure ya fito, a ƙara takin gargajiya da ya ruɓe sosai.
4. A tsinke waɗanda suka kamu, domin ba sa warkewa.

Wanda tabonsa bai yi funfuna ba, ana iya yanke wajen a yi miya da sauran.

Tunatarwa

Muna jan hankalin manoma da dillalai, daga kasuwar Mont-Bouët har zuwa ’Yankaba a Kano, da kada a ɓoye mai tabo a ƙasan kwando a jera mai kyau a sama. Wannan algus ne, kuma Musulunci ya haramta shi. A ware shi, a bayyana aibinsa, a sayar da shi a kan farashinsa.

Allah Ya sa albarka a nomanmu da cinikinmu, amin.