Tarihin Dandalin Wasan Kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

A harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, tsakanin dogayen benaye na siminti da ƙarfe, akwai wani gini na ƙasa wanda baƙo zai iya ɗauka gidan wani dagaci ne. Wannan gini shi ne dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihinsa, ta nuna yadda siffar ginin ta yi tasiri a kan irin wasannin da aka riƙa yi a cikinsa.

An kafa jami'ar a shekarar 1962, amma koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fannin nazari bai kankama ba sai a 1975, ƙarƙashin Sashen Ingilishi. Jagoran aikin shi ne Michael Etherton, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Zambiya, inda ya sa hannu wajen kafa dandalin Chikwakwa. Matsalar farko da ta fuskanci malaman ita ce ta wurin yin wasa. Zauren wasa irin na Turai yakan raba 'yan wasa da 'yan kallo: waɗannan a bisa dakali bayan labule, waɗancan a zaune jeri-jeri cikin duhu. Alhali kuwa wasannin Hausawa na gargajiya, kamar tashe da wasan gauta da kalankuwa, a fili ake yin su, jama'a sun yi da'ira, suna amshi, suna tsoma baki.

Bisa ga haka ne Etherton ya haɗa kai da Steven Ehrlich, wani Ba'amurke da ke koyar da zanen gine-gine a jami'ar. Suka ɗauki tsarin gidan Bahaushe ya zama abin koyi, watau ɗakuna kewayayyu masu jinkar ciyawa, katanga ta haɗe su, tsakar gida kuma ta zama fagen wasa. Maginan gargajiya ne suka ɗora ginin da tubali, suka ƙawata bangonsa da zane irin na gidajen birnin Zazzau. Wajen shekarar 1976 aiki ya kammala.

Da yake babu labule, kuma babu gefe guda da aka keɓe wa 'yan kallo, sai ya zama dole ɗalibi ya koyi yin wasa ido na kansa ta kowace fuska. Sannu a hankali malamai irin su Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka karkata ga wasan da ake ƙagawa tare, ba wanda ake haddacewa daga littafi ba. Daga nan sai tambaya ta taso: in dai an kwaikwayi dandalin ƙauye, me zai hana a je ƙauyen kansa? Aka fita da wasa zuwa Soba a 1977, sa'an nan Maska da Bomo, inda ɗalibai suka zauna da manoma, suka saurari koke-kokensu, suka mayar da su wasa cikin harshen Hausa. Wannan hanya ce ta sa sunan Zariya ya fito a fagen wasan kwaikwayo don raya karkara a Afirka.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi wanda kowane magidanci ya sani: in ba a sabunta yaɓe da jinka ba, damina kan ci shi. Saboda haka ɗorewar irin wannan dandali ta rataya ne a kan samun magina masu sanin kwaɓa ƙasa da ɗaurin jinka, waɗanda siminti da kwano suka rage musu kasuwa. Ranar da aka rasa su, ba fagen wasa kaɗai jami'ar za ta yi asara ba, har da shaidar da ke nuna cewa fasahar maginin gargajiya tana iya biyan bukatar ilmin zamani.