Gilashin mannawa a ido don raunin gani na kusa

Gilashin mannawa a ido wani ɗan faifai ne siriri da ake ɗorawa a kan baƙin ido maimakon tabarau. Akwai nau'insa da aka yi domin raunin gani na kusa, wanda ke somawa wajen shekara 40, lokacin da madubin cikin ido ya fara taurarewa har mutum ya riƙa nesanta takarda kafin ya karanta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna mutum biliyan 1.8 ne ke da wannan matsala.

Nau'o'i

Wani gilashin yana haɗa ƙarfin gani na kusa da na nesa. A wata hanyar kuma, ana gyara ido ɗaya don nesa, ɗayan don kusa.

Haɗari

Ba a wanke shi da ruwan famfo, na rijiya ko na rafi, domin ƙwayar cutar Akantamiba da ke cikin ruwa tana iya makantar da ido. Saboda haka a yankunan noman rani kamar Kadawa, inda manoma ke yini cikin ruwan Tiga da ƙurar hunturu, tabarau ɗin karatu ya fi aminci da araha.