Ɗaukar murya: 8,000 ne, 44,100 ne, ko 48,000?

Wakilanmu na ƙauyuka, daga Urafan da Korgom har Kanambakashe da Isawan, sukan tambaye mu abu guda: wace lamba za su zaɓa a cikin injin ɗaukar magana ko a salula? Lambar da suke nufi ita ce wadda ake rubutawa da Hz ko kHz. A injinan da ke da Faransanci, sunanta "fréquence d'échantillonnage". Ga bayaninta, da abin da muka tsayar.

Mene ne wannan lamba?

Kwamfuta ba ta kwasar sauti gaba ɗaya. Aunawa take, ta rubuta lamba, ta sake aunawa. To, yawan awon da take yi cikin sakan guda shi ne wannan lamba. In ka ga 48 kHz, wato sau 48,000 ke nan a sakan ɗaya.

Akwai ƙa'ida mai sunan Harry Nyquist da Claude Shannon, waɗanda suka yi aiki a kanta a 1928 da 1949. Inji ba ya kama sautin da siririntarsa ta wuce rabin lambar awon. Kunnen matashi mai lafiya yana ji har wajen 20,000 Hz, shi ya sa ake son lambar ta haura 40,000.

Lambobin da za ku gani

8,000: ta tsohuwar wayar tarho ce. Duk abin da ya wuce 4,000 Hz ya tafi. A can sama ne kuwa ƙarfin "s" da "sh" yake, har "sara" da "shara" su yi kama a kunne. Goge da algaita ma sai ka ji kamar daga cikin tulu suke fitowa.

16,000: magana tana fita, ana ganewa, amma kiɗa yana dushewa.

32,000: ta ishi abin da FM ke iya watsawa, don sautin FM ba ya wuce wajen 15,000 Hz.

44,100: lambar faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar kasuwa a 1982. Yawancin waƙoƙin da ke yawo a katin memwar da ita aka yi su.

48,000: ita ce ta bidiyo da talabijin, kuma galibin kayan studiyo na yanzu da ita suke aiki.

96,000: ta masu gyaran sauti mai zurfi ce. Mai sauraro a Mayahi ba zai ji bambanci a akwatinsa ba, wuri kawai take ci.

Batun nauyi

Mun san dalilin da ke sa mutum ya sauko da lambar: wuri ya cika, ko mega ya ƙare. Ga lissafin. A tsarin WAV na bit 16, layi ɗaya, wato mono, minti guda a 48,000 yana cin kusan mega 5.8. A 44,100 kusan 5.3 ne, a 96,000 kuma 11.5. In sitiriyo ne, a ninka biyu. Ke nan hirar minti talatin a 48,000 ba ta kai mega 200 ba.

Don haka mai hira da mutum ɗaya ya fara komawa mono, nan take ya rage rabi ba tare da muryar ta lalace ba. In lokacin aikowa ya yi, sai a matse kwafi zuwa MP3. Asalin kuwa a bar shi yadda yake. Saƙon murya na WhatsApp ya yi don labarin gaggawa, amma matsatsen sauti ne, ba na ajiya ba.

Hatsarin gauraya lambobi

In aka ɗauki shiri a 48,000, injin watsawa ya karanta shi a matsayin 44,100 ba tare da an juya shi ba, murya za ta yi nauyi, ta ja. Shirin minti 30 sai ya kusa kai minti 33, ya shiga lokacin labarai. In akasin haka ne, murya ta ƙanƙance, ta yi sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari. Masu aiki da Audacity su duba lambar aikin kafin su fara haɗawa, su sake dubawa wajen fitarwa.

Abin da muka tsayar

A ɗauka a 48,000, WAV, bit 16 ko 24. Wanda injinsa ya tsaya a 44,100 ya ci gaba da ita, ba laifi, ya dai faɗa mana. Kada a sauka ƙasa da haka in kiɗa ne, ko hira da dattijo, ko tsohon kaset da ake mayarwa kwamfuta.

Dalili shi ne, ana iya rage lamba daga baya, amma ba a ƙara abin da ba a kama ba. In ka mayar da 8,000 zuwa 48,000, nauyi kawai ka ƙara, sautin yana nan yadda yake. Rahoton farashin hatsi a kasuwar Tasawa, in ya ɓaci, wani makon ma za a yi wani. Amma tsohuwar da ta ba ka tarihin kafuwar garinsu, ko makaɗin da ya rage shi kaɗai a gidansu, wataƙila zuwan nan ɗaya ne. Saboda haka a duba lambar kafin a danna jan maɓalli.