Yadda Masu Kallo Suka Tsare Abin da Masu Shi Suka Zubar

Kwanakin baya ina neman bayani a kan tarihin talabijin a Arewa, sai na ci karo da wani labari da ya ba ni mamaki. A watan Oktoba na 2013, gidan BBC ya ba da sanarwar cewa an gano faifan wani wasan kwaikwayo nasa guda tara waɗanda aka daɗe da fid da rai a kansu. Ina aka same su? A cikin wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. Wannan shi ya sa na bi sawun labarin, don in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na tsinta.

Sunan wasan Doctor Who. An fara nuna shi a Ingila ran 23 ga Nuwamba, 1963. Labari ne na wani baƙo daga wata duniya, wanda yake yawo cikin wani akwati shuɗi, yau ya koma zamanin da ya wuce, gobe ya leƙa zamanin da bai zo ba. Idan ɗan wasan da yake fitowa a matsayinsa ya gaji, sai a ce ai baƙon ya sāke jiki, wani ya gaje shi. Wannan dabara ita ta ba wasan tsawon rai.

To, a wancan lokaci faifan bidiyo yana da tsada ƙwarai, saboda haka idan an nuna shiri sai a goge shi a ɗauki wani a kai. Ga kuma yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa wadda ta taƙaita maimaita shiri. Da talabijin mai launi ya zo, sai aka ga tsofaffin hotuna na baƙi da fari ba su da sauran kasuwa. Haka aka yi ta gogewa ana zubarwa har 1978, lokacin da aka tsai da abin.

A nan ne masu kallo suka shigo. Tun ana nuna wasan, akwai samari da yara waɗanda sukan kawo rikoda kusa da akwatin talabijin su ɗauki murya, don su riƙa saurare daga baya. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Amma albarkacinsu, babu kashi ɗaya na wasan da muryarsa ta ɓace, ko da hotonsa ya salwanta. A 1976 suka kafa ƙungiya tasu, wasu kuma suka duƙufa neman kwafin da BBC ta sayar wa ƙasashen waje, domin akan miƙa irin wannan kwafi daga wannan tasha zuwa waccan. An sami wani a Honkon a farkon shekarun 1990. Na Jos kuwa wani Bature ne mai suna Philip Morris ya gano su, wato sassan labarai biyu na 1967 da 1968. Da wannan, adadin waɗanda suka ɓace ya sauko daga 106 zuwa 97.

Kada mai karatu ya zaci soyayyar nan ba ta da rigima. A 1985 da aka dakatar da wasan na wata 18, masoya suka yi ca a kan hukumar gidan, har da shirya waƙar ƙorafi. A 1989 aka tsai da shi gaba ɗaya, amma suka ci gaba da rubuta littattafai da mujallu a kansa, har aka dawo da shi a 2005 a hannun Russell T Davies, wanda shi ma tun yana yaro masoyin wasan ne. Sai dai a 2017, da aka ce mace ce, Jodie Whittaker, za ta hau matsayin, sai masoyan suka rabu biyu, wasu na murna wasu na kuka an ɓata musu abinsu. Wanda ya yi wa abu wahala, da wuya ya yarda ba nasa ba ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: ƙurar Jos ta adana wa Turawa wasansu shekara da shekaru, su kuma suka tako har gida suka ɗauka. Mu fa? Iyayenmu suna ba mu labarin Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero, suna dariya tun kafin su kai ƙarshe. Mu da muke nazarin wasan kwaikwayon Hausa, mu nawa ne muka taɓa kallon ɗayansu daga farko har ƙarshe? Wa ya taɓa zuwa ya tambayi inda faifansu suke?

Ina ba ƙungiyarmu shawara, idan an tafi hutu kowa ya bincika gidansu. Duk wanda ya sami tsohon kaset na wasa ko na waƙa, ya kawo a kwafa, a rubuta sunansa da shekararsa, a ajiye a sashe. Yaran Ingila da rikoda kaɗai suka fara, mu kuwa kowannenmu da waya a aljihu.