JIRGIN WASIƘUN DA KAKANNINMU SUKA JIRA BA SU TAƁA GANINSA BA



Makon jiya wani mai saurarenmu ya turo mini bidiyon wani tsoho a Ingila da ya cika ɗakinsa da ƙaramin jirgin ƙasa mai ɗaukar wasiƙu, irin na zamanin gawayi da tururi. Ya rubuta a ƙasa: "Dubi abin da rashin aikin yi ke sa Bature." Na yi dariya, amma da na sake kallo sai jikina ya yi sanyi.

Abin nan da muke kira maket a lakkwal, su sun mai da shi ilimi. Masu tsanani cikinsu ba su yarda da "kusan daidai" ba. Kowane abu sai an rage shi sau 76.2 cif. Layin da ake sayarwa a kanti faɗinsa milimita 16.5 ne, su kuwa suka ce ƙarya ce, in an bi lissafi 18.83 ya kamata, sai su zauna su ƙera nasu da hannu. Taragon da tsohon nan ya kwaikwaya yana da tarihi: tun 1838 ma'aikatan gidan waya a Ingila ke tantance wasiƙu cikin jirgi yana gudu. Akwai raga a gefen taragon da ke cafke jakar wasiƙu a bakin hanya ba tare da an tsaya ba. A Janairun 2004 aka daina aikin baki ɗaya. Jirgin ya mutu, amma jikan tsohon nan zai san kamanninsa har yawan ƙofofinsa.

To mu fa? Wani zai ce ina ruwan Agye da jirgin ƙasa, tunda ko taku ɗaya na dogo ba a taɓa shimfiɗawa a jihar Maradi ba. Ai kuwa da ruwanmu.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Daga nan zuwa Ikko fiye da kilomita 1,100 ne. Wani reshe ya tashi daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930. Kun ga ke nan bakin dogo ya tsaya kudu da mu ta wuri uku, bai ƙetaro iyaka ba. Injunan kuwa gawayin Inugu suke ci, wasunsu ma sunayen koguna aka raɗa musu.

Gujiyar da kakanninmu suka noma, a kan jakai da raƙuma, daga baya a kamiyo, can ta nufa. Cikin dalar gyaɗar Kano da ake nunawa a hoto akwai gumin manoman ƙasar nan. Sai a shekarun 1950 Faransawa suka shirya abin da suka kira Opération Hirondelle, don a juya wani kaso na kayanmu ta Paraku zuwa Kwatano.

Wasiƙa ma hanyar nan ta biyo. Kakata ta ba ni labarin ƙanenta da ya tafi Ikko neman kuɗi. Takardarsa takan hau jirgi zuwa Kano, ta faɗa aljihun wani direba ko ɗan kasuwa, ta ratso Katsina da Jibiya, ta kwana Maradi, kafin ta iso gida ta yi laushi kamar tsumma. A kira malam ya karanta ajamin, mata na bayan danga suna kasa kunne. Ta ce in shiru ya yi yawa sai a ce "wataƙila jirgi ne bai zo ba". Har ta koma ga Allah ba ta ga jirgin nan da idonta ba.

Yau zance ya canza. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maradi, wajen kilomita 284, ta Katsina da Jibiya. Muna fata, amma mun ga layin Yamai zuwa Doso da aka shimfiɗa yana kwance rana na dukansa, don haka ba mu cika baki ba. Ko ya iso ma, wani jirgi ne daban: faɗin layinsa milimita 1,435, na da kuwa 1,067, kuma babu hayaƙi babu jakar wasiƙa, tunda WhatsApp ya karɓe aikin.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffin da suka kai gujiya tashar Kano suka ji kukan injin nan da kunnensu saura ƙalilan. In suka tafi, sun tafi da shi.

Ga shi kuwa hannu muna da shi. Wane ne cikinmu bai ƙera motar kara ko ta gwangwani ba yana yaro? Abin da Baturen nan ya fi mu awo ne da tambaya. Ga lissafi mai sauƙi ga ƴan lise da maƙeranmu: in ka rage jirgin Kano sau 64, layinsa zai zo daidai da milimita 16 da ƴan kai. A samo tsofaffin hotuna, a zauna gaban tsoho da waya ana naɗar muryarsa, a tambaye shi launin tarago, da inda ake loda buhuna, da inda fasinja ke zama. Sannan a ƙera, a ajiye a lakkwal ko gidan matasa.

Wanda ke da kaka ko kawu da ya taɓa hawa jirgin gawayi, don Allah ya gaya mana garinsa a nan ƙasa. Ni da kaina zan ɗauko na'ura in zo, mu sa muryarsa a shirinmu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka.