Yadda ake gane bargon gashin tsuntsu mai inganci

Da zarar watan Oktoba ya kama a ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, ɗaya daga cikin kayan da kasuwarsu ke buɗewa shi ne bargon da ake cusa wa lallausan gashin agwagwa ko na dinya.

Ga ɗalibai da ma'aikata 'yan Najeriya da Nijar da Ghana waɗanda ke shirin yin hunturunsu na farko a Birtaniya ko Jamus ko Rasha ko Kanada, sayen wannan bargo yana cikin hidimomin farko, kuma wuri ne da akan yi asarar kuɗi.

Dalili kuwa shi ne, barguna biyu na iya yin kama da juna a ido alhali tazarar farashinsu mai yawa ce, kuma mai saye ba shi da halin ganin abin da aka ɗinke a ciki.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, bargo ba ya samar da zafi da kansa. Aikinsa kawai ya tsare ɗumin da jikin mutum ke fitarwa, kuma iskar da ta maƙale a cikinsa ce ke yin wannan aiki. Saboda haka nauyin bargo ba ya nuna ingancinsa. Mafi kyawu a cikinsu ma su ne waɗanda ke riƙe iska mai yawa ba tare da sun yi nauyi ba.

Gashi iri biyu

Tsuntsayen ruwa suna da gashi iri biyu. Akwai na waje mai tsinke a tsakiya, wanda ke kare tsuntsu daga ruwa da iska. A ƙarƙashinsa kuma, musamman a ƙirji da ciki, akwai wani lallausan gashi mai kama da kaɗa da aka shiɓe, wanda ba shi da tsinke mai tauri.

Kowane curi na wannan lallausan gashi yana da siraran zaruruwa masu ɗimbin yawa da suka bazu ta kowane gefe. Idan curi ya haɗu da curi sai su sarƙe, su bar ƙananan gurabe na iska a tsakaninsu.

Shi kuwa gashi mai tsinke a shimfiɗe yake, ya fi nauyi, ba ya riƙe iska sosai, kuma tsinkensa kan huda ƙyalle ya soki mai barci. Don haka ya fi araha.

Kalmar duvet da ake kiran wannan bargo da ita a Birtaniya, wadda kuma ta shigo kasuwannin Najeriya, asalinta Faransanci ce, kuma sunan wannan lallausan gashi ne. Amma a yau akan kira har bargon da aka cusa wa zaren roba da wannan suna.

Mutanen arewacin Turai sun daɗe suna lulluɓa da irinsa. An samu ragowar kayan shimfiɗa na gashin tsuntsu a kabarin jirgin ruwa na Oseberg da ke ƙasar Norwe, wanda aka binne a shekarar 834. A Birtaniya kuwa bai yaɗu ba sai bayan da Terence Conran ya buɗe shagonsa na Habitat a Landan a 1964, ya kuma soma tallata shi.

A yanzu ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawan gashin da ake amfani da shi a duniya, akasari daga agwagin da ake kiwo domin nama. Hangari da Polan kuma sun yi suna wajen gashin dinya.

Lambobi uku da ke jikin takarda

Tun da ba a iya buɗe bargo a shago, ƴar takardar da aka ɗinka a gefensa ita ce babbar shaida. Abubuwa uku ake dubawa a jikinta.

Na farko shi ne kason lallausan gashi. Bargo mai inganci yakan ƙunshi kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na lallausan gashi, ko fiye, sauran kuma ƙananan gashi masu tsinke. A Tarayyar Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 12934 wadda ta tsara yadda za a bayyana wannan kaso, da kuma ko gashin sabo ne ko an taɓa amfani da shi. A Amurka kuwa, ƙa'idar da masana'antar ke bi ita ce kada a kira bargo na lallausan gashi sai kason ya kai 75 cikin 100.

A nan ne ake yawan ruɗar masu saye. Idan aka fara ambaton gashi mai tsinke a sunan bargon kafin lallausan, to mai tsinken ne ya fi yawa, kuma lallausan na iya kasancewa kashi 15 kacal.

Na biyu shi ne ƙarfin kumbura, wanda ake rubutawa da Turanci fill power, kuma an fi ganinsa a kayan Amurka. Ana auna shi ne ta hanyar zuba gashi a wani mazubi, a ɗora masa ɗan nauyi, a ga iyakar wurin da ya cika. Idan lambar 600 ce, to giram 28 na gashin yana cika kusan lita 10 ke nan. Idan 800 ce, yana cika kimanin lita 13.

Gashin da ya kai 600 zuwa 700 mai kyau ne, wanda ya haura 700 kuma yana sahun gaba. To sai dai wannan lamba tana nuna ingancin gashin ne kawai, ba yawan ɗumin bargon ba, domin ɗumi ya danganta har da yawan gashin da aka cusa.

Na uku shi ne ma'aunin ɗumi da ake kira tog, wanda aka ƙirƙiro a Cibiyar Shirley da ke Mancesta a shekarun 1940, kuma shi ake amfani da shi a Birtaniya. Bargo mai tog 4.5 na lokacin zafi ne, mai 9 zuwa 10.5 na tsaka-tsakin yanayi, mai 13.5 zuwa 15 kuma na tsakiyar hunturu.

Akwai kuma wanda ake sayarwa falle biyu, mai tog 4.5 da mai 9, waɗanda ake haɗe su da maɓalli su ba da 13.5. Ga wanda zai shekara a ƙasar sanyi, wannan ya fi sauƙin kuɗi a kan sayen barguna uku.

Dinya ko agwagwa?

An fi tsadar gashin dinya saboda tsuntsuwar ta fi girma, curin gashinta ma yakan fi girma, kuma ba shi da ƙarni kamar na agwagwa. Amma gashin babbar agwagwa da aka wanke da kyau ya fi na ƙaramar dinya da aka yanka tun ba ta ƙosa ba.

Launin gashi, fari ne ko toka-toka, ba shi da alaƙa da ɗumi. An fi son farin ne kawai domin ba ya nunawa ta cikin farin ƙyalle.

Mafi tsada duka shi ne gashin wata agwagwar teku da ake kira eider. Ita da kanta take tuge gashin ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwayayenta, manoma kuma su tattara daga sheƙa ba tare da sun cutar da ita ba. Ƙasar Aisilan, inda doka ta ba tsuntsuwar kariya tun 1847, ita ke samar da mafi yawansa, kimanin tan uku a shekara. Sai an tattara sheƙa 60 ko fiye kafin a samu kilo ɗaya, shi ya sa bargo guda ke kaiwa dubban daloli. A 2004 hukumar UNESCO ta sanya tsibiran Vega na Norwe cikin wuraren tarihi na duniya saboda wannan sana'a.

Ƙyalle da ɗinki

Komai kyan gashi, idan ƙyallen bai da matsattsiyar saƙa, to gashin zai riƙa sulalewa. An fi son auduga zalla mai zare aƙalla 230 a kowane murabba'in inci, domin tana tsare gashi kuma tana barin gumi ya fita.

Ɗinkin ma iri biyu ne. A na farko, ana ɗinke fallen sama da na ƙasa wuri guda, a fitar da gida-gida. Wannan ya fi araha, amma sanyi na shiga ta layin ɗinkin tun da babu gashi a wurin. Ya dace da bargo marar kauri.

A na biyu kuwa, ana sa wani siririn ƙyalle a tsaye tsakanin fallayen biyu, kowane gida ya zama kamar akwati mai bango. Gashin yana samun sararin kumbura, kuma ba ya taruwa a gefe guda. Wannan shi ya dace da bargon hunturu.

A kula da girma kuma. A Birtaniya bargon mutum ɗaya santimita 135 ne da 200, na mutum biyu kuma 200 da 200. Bargon da bai sauko gefen gado ba yana barin iska ta shiga.

Hattara da jabu

Tsadar gashin ta sa ana yin algus. A watan Nuwamba na 2024, gidan talabijin na ƙasar Sin, CCTV, ya bankaɗo yadda wasu masana'antu ke cusa guntayen zaren gashi a kayan sanyi, su sayar da su da takardun shaida na bogi.

Akwai gwajin da mai saye zai iya yi da hannunsa. Ya matse gefen bargon ya saki: mai kyau zai dawo ya kumbura. Ya murza shi tsakanin yatsu: idan ya ji tsinkaye da yawa, lallausan gashin kaɗan ne. Ya bubbuga shi: idan ƙura ta tashi, gashin ya daddage ko ba a wanke shi da kyau ba. Ya ɗaga shi wajen haske ya ga ko akwai gidajen da babu komai. Sannan ya sansana: wari mai ƙarfi alama ce ta rashin tsabta.

Haƙƙin dabba da batun tsarki

A 2009 wani shirin bincike na tashar TV4 ta ƙasar Suwidin ya nuna yadda ake fige dinyoyi da ransu a Hangari, lamarin da ya tayar da ƙura a Turai. Dokokin Tarayyar Turai sun hana hakan, ko da yake sun bar damar tattara gashin da tsuntsu ke zubarwa a lokacinsa.

A 2014 aka ƙaddamar da tambarin RDS, wanda ke shaida cewa ba a fige tsuntsun da rai ba, ba a kuma yi masa ɗura ba. Akwai makamancinsa mai suna Downpass da aka fi gani a kayan Jamus.

Ga Musulmi kuma akwai tambayar tsarki, tun da akasarin tsuntsayen ba yankan Musulunci aka yi musu ba. Littafin Mukhtasar na Shaihu Halil, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ya lissafa lallausan ɓangaren gashin tsuntsu cikin abubuwa masu tsarki ko da na mushe ne, muddin yanke shi aka yi ba tugewa ba, amma ya sa tsinken gashin mushe cikin najasa.

Mazhabobin Hanafiyya da Hambaliyya na ganin gashin mushe mai tsarki ne, Shafi'iyya kuma na ganin akasin haka. Wanda ke son yin salla a kan irin wannan shimfiɗa sai ya nemi fatawar malamai.

Lafiya da kulawa

Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta yi gargaɗin kada a lulluɓe jaririn da bai kai shekara ɗaya ba da irin wannan bargo, saboda haɗarin toshewar numfashi da kuma zafi fiye da kima.

Haka kuma ƙurar gashin tsuntsu na iya kumbura huhun wasu mutane ƙalilan. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ Case Reports ta ba da labarin wani magidanci a Sikotilan da ya yi watanni yana fama da sarƙewar numfashi bayan ya sauya kayan shimfiɗarsa zuwa na gashi, ya kuma samu sauƙi bayan an cire su an ba shi magani. Duk wanda ya ga tari ko haki bayan sayen sabon bargo, sai ya gaya wa likita.

Babban abokin gabar gashin tsuntsu shi ne laima. Idan ya jiƙe sai ya manne, ɗuminsa ya tafi, kuma idan bai bushe sarai ba yakan yi fumfuna. Don haka akan sa wa bargon riga wadda ake cirewa a wanke, shi kuma a riƙa kaɗe shi kullum, a shanya shi a inuwa lokaci-lokaci.

Idan wanki ya zama dole, a bi umarnin da ke jikin takardarsa, a yi amfani da sabulu marar ƙarfi, a kuma tabbatar ya bushe har ciki. A ajiye shi a jakar auduga, ba a leda ba, kuma kada a danne shi da kaya. Bargon da aka kula da shi haka yakan wuce shekara goma.

Ko ya dace da hunturun gida?

A Kano ko Damagaram, sanyin dare a watannin Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos kuma ya fi haka tsanani. Duk da haka, bargo mai tog 13.5 da aka yi domin hunturun Turai zai yi wa yawancin mutane yawa a irin wannan yanayi. Mai tog 4.5 zuwa 7 ya wadatar.

Masu haɗa kayan ɗakin amarya kuma su sani cewa yawancin bargunan da ake sayarwa da wannan suna a kasuwannin yankin zaren roba ne a cikinsu. Wannan ba aibi ba ne, domin sun fi araha, sun fi sauƙin wanki, kuma sun fi jure laimar damina, ko da yake sun fi saurin lotsewa.

Abin lura dai shi ne kada a biya kuɗin gashin dinya a kan zaren roba. Bargon da takardarsa ba ta faɗi irin tsuntsun da kason gashin da ma'aunin ɗuminsa ba, to a ɗauke shi a matsayin na roba, a kuma yi cinikinsa a haka.