Nonuwan Tiresiyas: Tarihin Wasan da Farfaɗo da Shi

Les Mamelles de Tirésias, wato Nonuwan Tiresiyas, wasan kwaikwayo ne da mawaƙin Faransa Guillaume Apollinaire ya rubuta. Shi ne wasan kwaikwayo na farko da aka laƙaba wa sunan suriyalizim, salon da ke cuɗa zahiri da abin da sai a mafarki ake gani. Ba a cika yin sa yadda aka rubuta shi ba, kiɗa da rawa da zane ne suka riƙa dawo da shi dandamali.

Asalinsa

Apollinaire ya ce ya rubuta mafi yawan wasan tun 1903, ya kammala shi ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan raunin da ya samu a ka a 1916. An fara nuna shi ranar 24 ga Yuni 1917 a wani ƙaramin zaure a unguwar Montmartre ta birnin Paris, ƙarƙashin jagorancin Pierre Albert-Birot, mai mujallar SIC. Serge Férat ya ƙawata dandamali, Germaine Albert-Birot ta tsara kiɗan. Taron ya tashi da hayaniya, wasu na tafi wasu na ihu. Marubucin ya rasu a Nuwamba 1918, shekara shida kafin André Breton ya fitar da sanarwar kafa ƙungiyar suriyalizim.

Labarin

A wani gari da aka kira Zanzibar, wata matar aure mai suna Thérèse ta gaji da zaman gida. Ta buɗe riga, nonuwanta suka tashi sama a siffar balan-balan, ɗaya ja ɗaya shuɗi, gemu ya fito mata, ta koma namiji mai suna Tiresiyas, ta tafi neman mulki. Mijin da aka bari ya ce to shi zai haihu, ya haifi 'ya'ya 40,049 a yini guda. Daga ƙarshe matar ta dawo a shigar mai duba, suka shirya, aka yi kira ga Faransawa su hayayyafa, domin haihuwa ta ja baya kuma yaƙi na cinye samari.

Tun farko wasan bai dogara ga magana kaɗai ba. 'Yan wasa kan yi wasu jawabai ta bututun ƙara murya. Mutum ɗaya tak ke wakiltar al'ummar Zanzibar, kuma ba ya cewa uffan, aikinsa buga ganga, harba bindiga da kaɗa fasassun faranti. Wannan ya bai wa na baya damar ƙara nasu kayan ba tare da sun ɓata ginin ba.

Hannun Poulenc

Mai tsara kiɗa Francis Poulenc, wanda yana matashi ya ji Apollinaire na karanta waƙoƙinsa, ya mayar da wasan opera a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. An buɗe ta ranar 3 ga Yuni 1947 a Opéra-Comique, Denise Duval ta fito a Thérèse. Poulenc ya ɗauke Zanzibar ya dasa ta a gaɓar tekun kudancin Faransa, kusa da Monte Carlo, ya cika aikin da kiɗe-kiɗen rawa irin na gidajen shaƙatawa na Paris. Kiran a hayayyafa ya sake dacewa da ƙasar da ta fito daga wani yaƙin. A 1958 aka kai ta bikin Aldeburgh a Ingila, inda Benjamin Britten ya tsara kiɗan don fiyano biyu.

Zamanin baya-bayan nan

A 1981 gidan Metropolitan Opera na New York ya haɗa operar Poulenc da rawar Parade ta Erik Satie da wani aikin Maurice Ravel a dare guda. John Dexter ya ba da umarni, mai zane David Hockney ya tsara dandamali da tufafi masu launi rangaɗau. Laurent Pelly ya shirya ta a bikin Glyndebourne a 2022, Olivier Py kuma a Théâtre des Champs-Élysées a 2023. Abin da ya sauya shi ne inda ake sa nauyi. A 1917 batun haihuwa aka sa a gaba, amma masu shirya wasan a yau sun fi mayar da hankali kan boren Thérèse da matsayin mace da namiji a gida da wajen gida.